Rigar da Na Sa wa Almakashi

A takardar tsarin karatu, sunansa zaman sharhi kan aikin ɗalibi. Mu kuwa a tsakaninmu ranar fiɗa muke ce masa, don wanda ya shiga ɗakin nan da aikinsa ba ya fitowa sai an feɗe masa biri har wutsiya. Tawa ranar ta faɗo wata Talata cikin watan Maris na 2025, ana tsakiyar azumi, ga zafin Kano ya fara buɗe ido. Ina ajin ƙarshe a sashen zane-zane, ɓangaren saƙa da rini, kuma a kan wannan aikin rabin makina ya rataya.

Kada in yi muku ƙarya, da ƙwarin gwiwata na shiga. Har sabon mayafi na yafa.

Asalin abin daga waya ya fito. A farkon watan Janairun shekarar, gobara ta cinye kaso mai yawa na kasuwar Kantamanto da ke Akra, babbar kasuwar gwanjo ta ƙasar Gana. Wani ɗan yayar mahaifiyata da ke zaune a unguwar Nima ta Akra ya riƙa turo mana bidiyoyi ta WhatsApp: rumfuna sun zama toka, mata na kuka a kan dilolin da suka ci bashi suka saya. Daga nan na shiga bin diddigi. Na karanta cewa wata ƙungiya mai suna Or Foundation, wadda ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ne ke shigowa kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari ba sa sayuwa, shara suke zama. Na ga hotunan bakin tekun Akra, riguna sun nannaɗe da juna sun zama igiyoyi cikin yashi. Na ga tsibin tufafi a hamadar Atakama ta ƙasar Chile. Na ji mutanen Gana na kiran gwanjo obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu, don a ganinsu babu mai rai da zai rabu da sutura mai kyau haka. Abin ya tsaya mini a rai, kuma tsakani da Allah ya tsaya. Na ce a kan wannan zan yi aikina.

Na sa kafinta ya haɗa mini allon katako, tsawo mita uku, faɗi mita biyu. Nufina in tayar da igiyar ruwa ta tsummoki, ta taso kamar za ta rufta wa mai kallo. Tun ban liƙa ƙyalle ko ɗaya ba na raɗa masa suna: Duniya Na Nutsewa.

Sai aka zo neman tsummokin. A nan ya kamata kan mage ya waye, amma ina! Na zaga shagunan teloli huɗu a unguwarmu. Wannan ya ce buhunsa da mai shi, masu ɗinkin matashi sun riga sun ba da kafin alƙalami. Wancan ya ce maiɗakinsa ke kwashewa. Wani ya ba ni abin da bai cika leda ba, 'yan mitsi-mitsi kamar yankan kabeji. Ni kuwa abin da na gani a hoto manyan riguna ne masu rubutun Turanci a ƙirji, hannayensu na reto. Sai na hau adaidaita sahu na nufi Ƙofar Wambai, na zaɓi riguna da wandunan gwanjo na naira dubu goma sha takwas, na cika bakko biyu. Na dawo na sa musu almakashi. Da na ga sun cika haske, na jiƙa su a ruwan ganyen shayi, na tumurmusa su cikin ƙasar bayan ɗakin aiki, suka yi duƙun-duƙun yadda nake so. Gam galan ɗaya da rabi na ƙarar wajen liƙa su. Mako uku ina fama, yatsuna duk suka yi kanta. A gefe na manna hotunan Akra da Atakama, da takardar bayani mai ɗauke da alƙaluman nan.

Wani zai ce, to ba mahaifinki tela ba ne? Tela ne, shekara ashirin da ɗoriya. Buhun ƙyallensa na nan ƙarƙashin keke, tun ina rarrafe nake wasa da shi. Ko ta kansa ban bi ba. A idona wannan ba matsalar duniya ba ce, tarkacen shagon Baba ne kawai.

Malamai uku ne suka zauna, ɗalibai wajen ashirin a bayansu, wasu kan benci wasu jingine da taga. Na karanta bayanina da Turanci, na jero alƙaluma ba tuntuɓe. Shugaban sashe ya fara. Ya ce shuɗi ya yi yawa a hagu, allon kuma ya karkace. Ya ƙara da cewa in riƙa buɗe baki idan ina Turanci, ba a kasuwa nake ba. Aka yi 'yar dariya. Har yau ban ga abin da maganar nan ta ƙara wa aikin ba. Cikin masu fiɗa akwai mai neman nama, akwai wanda so yake kawai a ga kaifin wuƙarsa.

Malamin sassaƙa ya miƙe, ya ja da baya, ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Kin kalli aikin El Anatsui, ko?" Na ce e. Wane ɗalibin zane ne bai kalla ba? Mutumin Gana ne da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka, ya yi suna da manyan shimfiɗu da yake haɗawa da murafen kwalaben giya da wayar tagulla, su zubo daga bango kamar zanen ɗaurawa. Malam ya ce, "Girman kika ɗauko, kika bar sauran. Shi murafen nan a ƙasar da yake zaune aka sha abin da ke cikin kwalabensu, kuma giya na cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku a zamanin cinikin bayi. Kayan aikinsa da bakinsu. Naki me za su ce in na ɓalle takardar nan ta gefe?" Na ɗan yi kame-kame. Duk da haka ban karaya ba, a raina ina cewa wannan da sauƙi.

Saura Malama. Dattijuwa ce, ita ta koya mana rini a aji biyu, ba ta da yawan magana, kullum tabarau rataye a wuya. Ko kallon igiyar ruwan ba ta yi ba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa aikin, ta sansana. Ta kama hannun wata jar riga da ke reto, ta juya shi, ta duba hammata, ta duba wuya, ta bi bakin yankan da ɗan yatsa. Sannan ta juyo, ta ajiye Turanci ta koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata, wannan a wace bola kika tsinto ta?"

Na ce, "Malama, a kasuwa na samo."

"Samowa ko saye?"

"Saye."

"Kafin ki sa mata almakashi, akwai inda ta yage?"

Na yi shiru. Ita ma ta yi shiru tana jira. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan fankar da ba ta ba da iska.

"Babu, Malama."

"Ashe wani yaro zai iya sa ta ya je yawon Sallah."

"E."

"To wa ya mai da ita shara?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba. Ta saki hannun rigar ta ce, "Kuma kin bi ta da gam, ko tsumman goge tukunya ba za a ƙara yi da ita ba. Damuwarki ta gaskiya ce, ban musa ba. Amma hotunan nan na aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Na ba ki mako biyar. Je ki gano inda ƙyallen garin nan yake zuwa, ki dawo ki faɗa mana."

A bakin ƙofa ƙawata ta riƙe ni tana cewa wallahi aikin ya yi kyau, hassada ce kawai. Allah Ya saka mata da alheri, ita kaɗai ta faɗa mini mai daɗi ranar, kuma ita ce maganar da ba ta tsinana mini komai ba.

Da aka sha ruwa, kunun ma ya ƙi wucewa. Kwana uku ina shari'a da Malama a cikin kaina, kuma kullum ni ke cin shari'ar. Ba mai zane na sayen fenti ba? Me ya sa ni ba zan sayi riga ba? Har gobe ina ganin wannan hujjar ba ta banza ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne layin farko na takardar bayanina, wanda na rubuta da hannuna: an yi wannan aiki da sharar tufafi. Duk ta inda na ɓullo, sai in tarar da layin nan yana jirana.

A dare na huɗu na faɗa wa Baba. Ya yi dariya har da tari. "Dubu goma sha takwas! Ki sayi riga ki yaga, don ki nuna wa jama'a yaga riga ba kyau?" Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya tsagaita. Ya ce, "Gobe in an yi asuba ki biyo ni shago."

Baba bai tashi da ɗinki ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, a ɓangaren da ake buga zane a jikin atamfa. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a can, wasu suka biyo baya, unguwar ta cika da ma'aikata. KTL ta tsaya a 2002, sauran ma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ina goye aka kwaso mu aka dawo Kano, ya koyi taka keke a shagon wani abokinsa yana dab da shekara arba'in. Ba ya son zancen, mu ma ba ma tayar masa.

Wanda bai taɓa zama a shagon tela a goman ƙarshe na azumi ba, bai san ƙyalle ba. Keke uku na gudu har sahur, yara na guga, masu kaya na leƙowa suna "Malam, nawa fa?", ƙasa kuwa sai ka sa ƙafa ta nutse. Baba ya zazzage buhu a gabana ya ce in ware. Na ce ta launi? Ya ce a'a, ta inda za su.

Babban ƙyalle, wanda ya kai a fitar da ɗankwali ko rigar jariri, ba nasa ba ne. Ninke shi yake yi ya sa cikin ledar mai kaya, don amana ce. Mai bi masa yana shiga aljihu, ko shafi, ko bakin wuya. Na ƙasa da wannan Goggo ke aiko jika ya karɓa: ta yi gammo, ta yi tsumman sauke tukunya, ta haɗa wa jikoki 'yar tsana, ta saƙa abin goge ƙafa. Abin da ya rage masu matashi da tum-tum ke saya buhu-buhu su yi cushe. Ni da na zo neman shara, rana ta take ban ga abin da ake zubarwa ba, sai 'yar ƙurar da yaron shago ke sharewa da dare.

Sai ya ɗauko ashana. Ya zaro zare daga wani ƙyallen fari ya kunna masa. Wuta ta kama fal, ta cinye, warin kamar an ƙona takarda. Ya murza abin da ya saura tsakanin yatsu, ya zama toka mai laushi, ya hure. "Auduga," in ji shi. Ya ɗauki wani, atamfa mai sheƙi, ganye-ganye kore da ruwan goro, irin wadda ta cika Kantin Kwari. Tun kafin wutar ta taɓa ta sai ta ƙanƙance tana gudu, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi mai warin leda. Da ta huce, wani ɗan baƙin ƙulli ne ya rage. Ya miƙo mini ya ce in murza. Tauri kamar tsakuwa.

"Wannan roba ce. Daga man fetur ake yin zarenta. Goggonki ba ta karɓarta, don ba ta shan ruwa, in kuma ta taɓa tukunya mai zafi sai ta liƙe. Ki binne auduga, damina kaɗan ƙasa ta cinye ta. Wannan kuwa jikokinki za su tono ta."

Ranar da dare na bi yaron shago da ledar shararsa. A bakin kwata ya juye, inda wasu suka riga shi juyewa. Na haska da waya. Ƙananan yanka ne, kusan duk masu sheƙin nan, sun cakuɗe da ledar ruwa sun yi dam a bakin magudana. Wani tsibin kuma an cinna masa wuta, yana ta hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Taku arba'in daga shagon ubana.

Ba zan iya bin kowane ƙyalle da ashana ba. Sai na tuna darasin Malama na aji biyu, wanda na rubuta don jarrabawa na manta: baban rini, wato shuni, yana kama auduga, amma ba ya zama a jikin roba. Ashe akwai mai yi mini tantancewar gaba ɗaya.

Bayan Sallah na bi shaguna tara, na ce ba buhu nake so ba, sharar tsintsiya nake so. Wannan kam ba wanda ya hana ni, wasu har suna tambaya ko lafiya. Na wanke, na shanya, na zauna a keken Baba da rana, da dare in ci gaba da allura. Mako uku kafin su haɗu su kai faɗin zane biyu. Ana gobe zan gama, Baba ya buɗe wata tsohuwar gwangwanin alewa da yake ajiye bobin, ya fito da guntun atamfa ninke. A gefenta akwai rubutun da ke nuna a Najeriya aka yi ta. Ya yanko mini kamar tafin hannu, ya mai da sauran ya rufe, bai ce uffan ba. Na ɗinka shi can ƙasa ta dama.

Marinar Ƙofar Mata, wadda allon bakinta ya ce tun 1498 take, yawancin ramukanta a bushe na same su, kaɗan ne ke da ruwa. Marinin da na samu ya ɗaga kayan, ya murza nan ya murza can, ya ce, "Hajiya, fiye da rabin abin nan roba ne, asarar kuɗinki za ki yi." Na ce asarar nake so in gani. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya tsoma. In ya ɗago sai zanen ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonka. Ya tsoma ya ɗago, ya tsoma ya ɗago, hannunsa shuɗi har gwiwa. Da farko duk ya yi duhu, har gabana ya faɗi. Sai da aka ɗauraye.

Ruwa na zuba, robar na sakin shunin, tana komawa ja da kore da ruwan ɗorawarta, sai ɗan dusashewa. Mai gauraye ta tsaya rabi da rabi. Audugar kuwa ta riƙe shuɗi mai duhu, tsibiri-tsibiri. Da na ƙirga a gida, wadda ta sha baba sosai ba ta kai ɗaya cikin uku ba. Lissafin shaguna tara ne, ban ce na Kano ba. Akwai kuma abin da ban shirya masa ba: farin zaren da na yi ɗinkin da shi, irin wanda kowane tela ke sawa a keke, ashe shi ma roba ne. Duk inda allurata ta bi ya fito fari tas a kan shuɗi, da karkacewarsa da tsallakensa, babu wanda ya ɓuya.

A zama na biyu ban liƙa hoto ko ɗaya ba. Na rataye zanen a kan gora, na ajiye ashana da ƙyalle biyu a faranti. Shugaban sashe ya ce gorar ta karkace. Malamin sassaƙa ya ƙona ƙyallen da kansa, ya murza, ya gyaɗa kai. Malama ta zaga bayan zanen, ta daɗe a can, ta fito ta ce, "To, yanzu akwai abin da za mu yi gardama a kansa." Kuma ta yi gardamar. Ta ce kalmasa bakin da na yi ya sa ya koma kamar zanen gado, da na bar shi da gezarsa. Ta ce bayanina har yanzu ya fi aikin surutu. Sannan ta sa tabarau ta bi takardar layi-layi.

"Wanda ya tsoma hannunsa a karofi, ina sunansa? Teloli tara fa? Rabin aikin nan nasu ne."

Ban ma tambayi marinin sunansa ba. Washegari na koma Ƙofar Mata da biro da kunyata. Maki B aka ba ni, na karɓa hannu biyu.

Ranar baje kolin ƙarshen shekara Baba ya zo da babbar rigarsa. Bai tsaya karanta bayani ba. Ya riƙa nuna ƙyalle yana faɗin asalinsa: wannan ankon bikin gidan liman ne, wannan rigar makarantar Islamiyya ce, wannan shaddar wani ce da har yau bai biya cikon kuɗin ɗinki ba. Sai ya durƙusa can ƙasa ta dama yana lalube. Nasa ya fi kowane shan baba, ya yi duhu har zanen furen da ke jiki ya kusa ɓacewa. Ya ɗora yatsa a kai, ya ɗan jima. Da ya miƙe sai ya bi farin zaren da kallo daga sama har ƙasa ya ce, "Wannan ɗinkin, kada ki gaya wa kowa a shagona kika yi shi."

Duniya Na Nutsewa kuwa tana nan jingine a bayan ɗakinmu. 'Yan jari bola sun duba sun ce ba ƙarfe a ciki. Goggo ta gwada ɓalle jar rigar nan, ta ce ta yi tauri kamar ƙirgi. Kafintan ya ce zai karɓi katakon ya rage mini wani abu in na kankare gam ɗin. Duk Asabar nakan zauna da tsohuwar wuƙa in yi abin da ya samu, yanzu na ci kusan kashi ɗaya cikin uku.